Hoton Inna da Yohanna Ya Ɗauka

Shekara tara ke nan da rasuwar Yohanna mai hoto, kuma har yau ban daina kishinsa ba. Na san ba haka ake buɗe maganar mamaci a jarida ba, amma da yana nan dariya zai yi, don ya fi kowa sani.

Tare muka koyi sana'ar a Gyadi-Gyadi, a wurin maigida ɗaya. Shi ɗan Filato ne, aikin gwamnati ya kawo mahaifinsa Kano. Na fi shi sanin kyamara, na fi shi karanta haske, ko wankin fim sai ya leƙo ya ga yadda nake yi. Amma in ana biki a Tarauni ko Daurawa, shi ake aika wa. Ni sai in yana da wani aikin.

Dabararsa ba ɓoyayyiya ba ce. Mutumin Kano in ya ga kyamara sai ya gyara hula, ya ɗaure fuska kamar an kira shi kotu. Yohanna kuwa sai ya bar kyamarar a ƙirji ya shiga gaisuwa: ina gajiya, ya gida, ya ƙafar Baba, autar nan ta fara tafiya? Mutum na cikin ba da amsa sai ka ji ƙyas. Na kwaikwaya har na gaji. Ni "lafiya lau" kawai ake ce mini, fuska na nan yadda take.

Hoton da ya fi ci mini rai shi ne na mahaifiyata. Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni. Duk hoton da na ɗauke ta, kanta a sunkuye yake, ko tana kallon bango. Rannan ta aiki ƙanwata ta kira mata Yohanna. Ni ɗanta ina da shagon hoto a bakin titi, amma shi ta kira. Hoton da ya fito, Inna ce tana dariya har da kama baki, idonta na ƙyalli. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba.

Yana rataye a falona tun da ta rasu. Baƙo ya shigo ya ce lallai na iya, ni kuma in ce Yohanna ne, maganar na yi mini ɗaci.

Yanzu kowa mai hoto ne. 'Yan mata na goge fuska a waya har uwarsu ba ta gane su, samari na tambayata wace kyamara ce ta fi. Ina jin da Yohanna ya ga wannan zamani ba zai yi faɗa ba. Zai dai tambaya ko akwai wanda ya gaishe da mutumin kafin ya danna.

A makon jiya na je Unguwa Uku gaishe da matarsa, Maman Rifkatu, kamar yadda na saba duk shekara. Hira ta kai mu kan hoton, na ce har yau ban san abin da ya faɗa wa Inna ba. Ta dube ni da mamaki.

"Bai gaya maka ba? Ai cewa ya yi, Inna, ya babban ɗanki? Ta ce wannan ja'irin? Sai ta hau ba shi labarin ƙuruciyarka. Ya ce da ƙyar ya samu ta tsaya."

Na dawo gida na daɗe a tsaye gaban bangon. Ban ce kishin ya tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Ashe duk shekarun nan maganata Inna take yi a falona, kuma Yohanna kaɗai ya ji abin da ta ce.