Barewata da Burtun Ƙarya

A shekarun da Turawa suka fara shigowa Lafiya, ina da 'yar barewa da na raina da kunu, bayan gobarar daji ta cinye uwarta. Da ta girma sai ta tsinke igiya ta koma jeji wajen Kwandere. Hankalina ya tashi, don na san halinta: kowa ya miƙa mata hannu sai ta zo ta lasa. Ga Kawu Bukar, ƙanen mahaifiyata, maharbi ne. Yakan ɗaura kan tsuntsun burtu a goshi, ya rarrafa cikin ciyawa yana cakar ƙasa, har ya matso kusa da nama ya saki kibiya.

Bayan magariba Kaka takan hura wuta ta gasa mana doya. Wata rana ta dube ni ta ce, "Ke Fanna, wannan fuska kamar an ƙwace miki tuwo? Matso nan, ga wata tatsuniya ta iso." Muka ce ta shigo mu ji ta.

Wai a da barewa da burtu tare suke kiwo. Da maharbi ya ari kan burtu ya kashe mata 'ya'ya, sai ta koma gefe ta zuba ido. Ashe burtun gaskiya in ya caki fara, yakan ɗaga wuya ya haɗiye. Na ƙarya kuwa caka kawai yake, ko ƙwaro ba ya wucewa ta maƙogwaronsa. Ta tara 'yan'uwanta ta ce, duk burtun da ba ya haɗiya, a ranta a na kare.

Na ce, "Kaka, tawa fa marainiya ce. Wa zai gaya mata?"

"Kai, yarinyar nan! Ai ta shiga garke. In ta ga ana gudu, tsayawa za ta yi?"

Ban yarda ba sai da rani ya yi nisa, Kawu ya dawo hannu rabbana, gwiwoyi duk ƙaya. "Barewarki ce, na gane ta sarai," in ji shi. "Kallo ɗaya ta yi min ta yi huci, ta kwashe garken duka. Butulu!" Yana ta faɗa, ni kuwa ina kuka don murna.

Bayan shekaru, ɗana ya tashi bin fatake zuwa Kano, yaro mai yarda da kowa. Maƙwabta suka ce na yi sake, 'yan damfara za su cinye shi. Na raka shi har bakin gari, na ce ya riƙa kallon abin da manyan ayari suke yi. Na dawo gida na ɗora tukunyata.