Sallau da Moton Kumandan

A Matamaye, in ka ambaci Sallau baduku, tsofaffi za su ce maka, "Wo, mai takalmin damina ɗaya." Haka aikinsa yake, ba ya tsinkewa yau, ba ya kuma kaiwa baɗi. Masu baki suna cewa son jiki ne. To, ba su san shi da ƙuruciya ba. Sallau na da, in ya ɗinka maka kube, wuƙar ce za ta riga kuben mutuwa.

Abin da ya sauya shi ya faru ne zamanin da Faransawa ba su daɗe da zama daram a Damagaram ba. Ran da ruwan shuka ya sauka, gari ya watse gona, kowa da sunguminsa da ƙoƙon iri, sai ga kumandan Nasara bisa moto, zai je duba iyaka wajen Ɗan Barto. Moton ya yi tari a bakin kasuwa, ya mutu. Ƙarƙashinsa esansi, wato man fetur, na ɗiga ɗis-ɗis, wari ya cika wurin.

Kumandan ya durƙusa, ya kwance wata 'yar tukunyar ƙarfe da ke shayar da injin mai. Muntaka tafinta, wanda ya iso daga baya kan doki, ya ce sunanta karbiratar. A bakinta akwai wani siririn zobe mai hana mai tsiyaya, shi ne ya ruɓe. Nasara ya ɗaga shi sama ya yi magana, Muntaka ya juya: ko a sami mai yanko irinsa, ko a kwaso maza daga gonaki su tura moton nan cikin rairayi har Damagaram. Ranar shuka fa!

Aka je har gona aka kira Sallau. Ya bar matarsa Shekara da sungumi a hannu, ya ce mata, "Ci gaba, yanzu zan dawo."

Ya duba ruɓaɓɓen zoben, ya zaro jar fatar akuya, ya sa aska ya fitar da irinsa. Kumandan ya ɗaura, ɗiga ta tsaya, moto ya tashi. Mutane suka yi ta sa wa Sallau albarka, don ya fid da su. Ashe tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

"Nasara ya ce esansi na cin fata," in ji Muntaka. "Kwana kaɗan zoben nan zai saki. Ka ɗauko kayan aikinka ka biyo mu. Zai aika a kawo na ainihi daga ƙasarsu, ran da ya iso ka koma gida."

"Ranka ya daɗe, in yanka masa cike da burgami mana, ya tafi da su."

"Hannun yake so, Sallau, ba burgami ba."

Shekara ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure masa garin gero da barkono, ta haɗa da dunƙulen sabulun salo na dahuwarta. "Ga shi, maigida. Warin man nan ba ya fita da ruwa kawai."

Daga nan rayuwarsa ta zama bin sawun taya. Moto ya wuce fuu, Sallau na baya kan jakin aro, wani lokaci ma a ƙasa. Ya isa Kance ko Icirnawa da la'asar, ƙafa ta kumbura, ya tarar da moto a gindin itace yana masa ɗigar maraba. Ya yanka, a ɗaura, gobe a sake. Kullum yana ratsa gonakin mutane. Ya ga gero ya tsiro, ya ga an yi noman farko, ya ga an yi maimai, duk da idon baƙo. Ya san Shekara na can ita kaɗai da fartanya, gonar kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin na cinsa ƙwarai. Duk wanda ya fito daga Damagaram sai ya tare shi, "Zoben Nasara ya iso?" A ce masa yana bisa teku. Wannan teku dai ba ta da gaɓa.

Wata rana ya gama wanke hannu, sabulu bai gama fita daga yatsunsa ba aka kira shi. Ya yanka sabon zobe, ya murza shi da yatsun nan, aka ɗaura. Kwanakin da ya saba saki suka zo suka wuce, ƙasa a bushe. Sallau ya gane esansi ba ya narka sabulu. Sai ya zauna ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba: ya zaɓi fatar gadon baya, ya fefe ta, ya goga mata sabulun Shekara har ta ƙoshi. Wata ya tsaya, wata ya mutu, ko ɗigo babu.

Ranar ya kwana da murna. A ransa, tunda moto ya daina yoyo, me ya rage? Gero ya fara fid da kai, in ya kama hanya yanzu zai riski girbi. Ya je ya durƙusa gaban Muntaka, ya bayyana masa sirrin duka, ya roƙe shi ya shigar da maganar.

Muntaka ya shiga, ya fito yana washe baki.

"Barkanka, Sallau. Nasara ya yaba ƙwarai. Ya ce naka ya fi na ƙasarsu, har ya aika Damagaram a fasa kawo wancan."

"To, in kama hanya?"

"Hanyar ina? In wannan ya saki, wa zai yi wani? Ai kai da moto yanzu sai mutuwa."

Mutuwar moton ce kuwa ta raba su, bayan damina da damina da Sallau ya daina ƙirgawa. Injin ya fashe a hanyar Magarya, aka jefar da shi bayan bariki, zoben ƙarshe na nan daram bai ɗiga ba. Aka ce wa Sallau ya tafi, ko sannu babu.

Ya shigo Matamaye da rani, gemu ya yi furfura. Rabin gonar ya koma daji. Shekara na tsakar gida tana tace toka, bayanta ya ranƙwafa, da ƙyar ya gane ta. Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe. Ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha, sa'an nan ta zauna nesa kaɗan.

"Sannu da hanya, maigida. Sabulun ya ishe ka kuwa?"

Sallau ya dubi hannuwansa.

"Ya isa, Shekara," ya ce. "Har ya yi yawa."