Hoton Kaza da 'Ya'yanta

Duk ƙasar Gwarzo har Kabo ba a yi mai hoto kamata ba. Na ɗauki jariri yana tsala ihu ya fito yana murmushi. Na ɗauki ɗan kasuwar da ya karye ya fito kamar mai jiran jirgin Makka. Kafin shari'a ta zo in sauke hotunan 'yan mata daga bangon shago, har daga Mainika ake zuwa kallo. Na sha faɗa a majalisa cewa ko aljani ya tsaya mini sai ya fito.

A shekarun tsuke bakin aljihu fim ya yi wuya, sai ka je Kano ka yi ta lallashi kamar mai neman aure. A lokacin ne yanar ido ta fara rufe idon Baba. Manomi ne a Getso, kuma tun ina yaro ba ya fito da iri sai ya ga Kaza da 'ya'yanta, tarin ƙananan taurarin nan, ta fara sunkuyawa yamma bayan magariba. Wata rana na je gaishe shi, muka gama gaisuwar gajiya da iyali da zafi, sai ya ce, kamar mai cigiyar maƙwabci:

"Bana ban ga Kaza ba."

Abin da ke kusa da hancinsa yana gani, in an haska fitila. Na ce, "Baba, ni da kaina zan kamo maka ita a takarda."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, mai hoto."

Wani malamin kimiyya a Kabo ya yi mini bayani. Hasken tauraro kaɗan ne, sai an bar idon kyamara a buɗe ya sha. Amma sama juyawa take. In ka gajarta ba ka samu komai ba, in ka daɗe taurarin su ja jela. Ya ce in ina son ɗan hayaƙin nan da ke ƙarƙashin taurari uku masu jere, shi ya fi Kaza son a daɗe. Na tambaye shi tsawon nawa. Ya ce gwadawa ake.

Duhu dai kyauta ne a lokacin, masu wuta sun wadata mu da shi. Bayan isha'i nakan kafa kyamara a kan ƙafa uku a bayan gari, in kife hulata a bakin kyamara, in buɗe ta, sannan in ɗaga hular a hankali don kada ta girgiza. Agogona ba ya ganuwa a duhu, sai na koma carbi: kowace ƙwaya Subhanallahi ɗaya. Ban taɓa yin tasbihi irin na bazarar nan ba. In da lada a ciki, na wuce liman.

Na fari na ja ƙwaya kaɗan. Da na wanke, takarda ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Na gaba na ce bari ta sha ta ƙoshi, na zagaye carbi har sau uku. Sai ga zane-zane kamar akuya ta yi faɗa da bango. Wani daren na kusa dacewa, babur ya ɓullo daga hanyar Kutama ya wanke mini kyamara da fitila, har mai shi ya tsaya muka gaisa, ya tambayi iyali.

Tsakanin kowane gwaji da na bayansa sai an jira fim, an jira ruwan wankin hoto. Kaza kuwa kullum ƙara gangarawa take. Ranar Juma'a in je Getso, Baba ya ce, "An kamo?" In ce ta kusa. Na lura ya daina juyowa in an kunna fitila. Na lura, shi ke nan. Ban ji wani abu ba. Na koma carbina, in ƙara ƙwaya biyu, in rage ɗaya, kamar mai auna gishiri a miyar da ba shi zai sha ba.

Daga ƙarshe ta fito, a wajen rabin zagayen carbi. Hayaƙin bai samu ba, amma ga Kaza, ga 'ya'yanta, har da waɗanda ido bai taɓa gani ba. Na buga babba, na ɗaura a bayan keke.

Na tarar da shi a zaure. Na kunna fitila da rana tsaka, na ɗora masa hoton a cinya. Ya shafa gaba, ya juya ya shafa baya, ya riƙe shi bayan yana fuskantarsa. Ban gyara masa ba.

"Takarda mai santsi," in ji shi. "To ita Kazar, ta sunkuya?"

Na ce ai ta kusa ɓacewa ma.

"Kuma kullum kana ganinta?"

"Kullum, Baba."

Ya miƙo mini hoton.

"Kai dai da wahalar da kai kake. Ai da ka faɗa mini, da tuni an fito da iri."