Nomau Direban Mishan

Nomau ɗan manoman Gaffati ne. Ciwon ƙafa ya kawo shi Damagaram yana saurayi, wani Baturen mishan ya yi masa magani, ya koya masa karatu da tuƙin mota, ya ɗauke shi direban mishan. Kafin shekara uku ya zama mai bin Yesu. Danginsa suka juya masa baya, ban da wansa Alkasum, tela a unguwar Zango, wanda ya ce addini dai na mutum ne, amma nono ɗaya suka sha.

Abin da Baturen ya fi nanatawa a majami'a shi ne mai bi ba ruwansa da siyasa. Mulki na masu mulki ne, aikin ikilisiya wa'azi da addu'a. Nomau ya riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Shi ya sa a 1958, da aka zo ƙuri'ar zama da Faransa ko rabuwa da ita, Alkasum ya same shi ya ce ya zo su yi wa mutanen ƙauyensu bayanin "a'a", wato ƙuri'ar rabuwa, sai ya ƙi.

"Yaya, yi mini haƙuri. Mu an hana mu."

Alkasum bai yi fushi ba, ya tafi shi kaɗai.

Ranar ƙuri'ar ta faɗo Lahadi, ranar da ko tayar mota ba a yarda Nomau ya taɓa ba. Da sassafe Baturen ya miƙo masa makulli, ya ce kwamanda, Bafaranshen da ke mulkin yankin, ya roƙi aron motar mishan, taimakon jama'a ne kawai. Nomau ya wuni yana kwaso mutane daga ƙauyuka, dogarin mai gari a gefensa yana gaya musu takardar "i" za su jefa. Har Gaffati ya je. Matan gidansu suna hawa suna kallonsa, ya sunkuyar da kai.

Masu "i" suka ci. Bayan shekara aka fara kama masu "a'a", aka ɗauke Alkasum daga kan kekensa na ɗinki zuwa gidan kaso. Nomau ya ruga wajen Baturen, don ya san shi da kwamanda kwano ɗaya suke ci.

"Malam, kalma ɗaya daga bakinka ta isa."

"Nomau, ka sani ikilisiya ba ta shiga sha'anin mulki. Za mu yi masa addu'a."

"To, motar fa? Ita ba ta ikilisiya ba ce?"

Baturen ya ce wannan daban, in ba su zauna lafiya da hukuma ba za a rufe musu ɗakin magani. Nomau ya tsaya yana dubansa, mutumin da ya wanke masa gyambo da hannunsa.  Washegari ya bar aikin.

Ya kama gyaran kekuna a Zango, yana ciyar da Rabi matar wansa da 'ya'yanta huɗu. Bai bar bangaskiyarsa ba, sai dai a ɗakinsa yake sujada. Ranar bikin 'yancin kai ya hango Baturen a rumfar manya, yana tafi tare da sabbin masu mulki.

Alkasum ya fito bayan shekara biyu, tari ya cinye shi. A hannun Nomau ya cika da damina. Musulmi suka yi masa salla, Nomau yana tsaye a bayan sahu har aka gama.