Sa Hannun da Ɗan Kawuna Ya Hana Ni

Ko yau aka ambaci ƙarin wa'adin biza sai raina ya ɓaci, domin abin da ya same ni a Madina a farkon shekarun dubu biyu ba zai taɓa fita daga zuciyata ba.

A lokacin fassara nake yi wa wata maɗaba'a a Kano, daga Larabci zuwa Hausa. Aiki ne da ba ya buƙatar ofis. Na zo Madina da bizar ziyara don in duba kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya zo aikin Hajji yana saurayi bai koma ba. Na tarar ciwo ya kwantar da shi a gidansa na unguwar Bani Harisa. 'Ya'yansa suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsa masa, shi kuwa tsufa ya mayar da shi harshensa na fari. Da safe in zauna kusa da gadonsa ina buga aikina, yana ba ni labarin Kano ta dā. Bayan la'asar in tafi wani shagon intanet a Anbariyya in aika abin da na gama.

Babban ɗansa, haifaffen Madina kuma ɗan ƙasa, shi ya nemo mini bizar, don haka ba a ƙara wa'adinta sai da sa hannunsa. Fasfona ma yana aljihunsa tun ranar da na sauka. Karo na farko ya sa hannu ba gardama. A karo na biyu aka fara "bukra, in sha Allah". Gobensa ta ƙi zuwa har ya rage kwana huɗu.

Na same shi a shagonsa na turare na ce, "Yaya, maganar takardar nan fa."

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ya akhi, kai ba ka da shugul. Kullum kana ɗaki kana danna abu. Yaron shagona ya tafi, ka zauna mini a shago wata biyu, in yi maka tamdid, a ƙara maka wa'adin. Khalas."

Wai ni ne ba ni da aiki! Ni da idona ya kusa tsiyayewa a kan littafin mutane. A wurinsa duk wanda bai sa takalmi ya fita da safe ba zaman banza yake yi. Kuma ya fi ni sanin cewa baƙo mai bizar ziyara in aka kama shi yana tsaron shago, korarsa za a yi, a hana shi dawowa. Na faɗa masa haka. Ya yi dariya ya ce, "Mafi mushkila, kowa yana yi." To, wuyan wa za a kama? Ba nasa ba dai.

Na miƙa hannu na ce ya ba ni fasfona. Ya jefo shi kan teburi kamar mai jefa wa kaza tsaba.

Ga inda na cuci kaina. Na koma gida ban gaya wa kawu abin da ya faru ba. Na ce ba zan haɗa uba da ɗansa ba, ba zan ɗaga wa maras lafiya hankali ba. Na yi masa ƙarya cewa hukuma ce ta ƙi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, yanzu da wa zan yi hira?"

Na hau jirgi ranar da wa'adin ya cika. Ban yi sati uku a Kano ba aka bugo waya cewa kawu ya rasu. Daga baya matarsa take gaya mini ya sa an kira ɗan nasa ya ce, "Je ka roƙi hukuma su bar mini yaron nan," shi kuma ya amsa da "hadir, ya abuya," wato "to, Baba," ya fita abinsa.

Ashe da na buɗe baki, kalma ɗaya daga tsohon ta isa a sa hannu a gabansa. Har yau ina jin haushin ɗan kawuna, amma haushin kaina ya fi. Na koyi cewa kawaici yana da iyaka: in shirunka ya rufa wa mai zalunci asiri, wanda kake tausayi shi ka cuta.