Ƙasar Ginin Inna a Umbadda

Muna idar da sallar asuba muka bar makaranta a Khartoum, ni da abokina Basudane wanda ƙaramar hukuma ta ɗauka ya sa ido kan kwashe ɓaraguzai bayan ambaliya. Ni kuwa Inna ce a raina, tsohuwar da ke ciyar da mu ɗalibai tuwo duk Juma'a a unguwar Umbadda da ke Umdurman. An ce mini ɗakinta ya rushe.

Daga kan gada kogin Nilu ya yi jawur, ya cika ya batse. Sojoji suka leƙa motar hayar da muka hau suka ce mu wuce. A Kasuwar Umdurman kwandasta ya ƙara kuɗi, wai taɓo na cin mai. Na biya kawai, Larabcina bai kai na faɗa ba.

Mun tarar bangon ɗakin Inna ya zube har tsakiyar titi, tana zaune a kan tulin. Umarnin da aka ba abokina shi ne duk abin da ke kan titi a zuba a tifa. Amma a nan ba a zubar da ƙasar gini, jiƙa ta ake yi a sake ɗora bango da ita.

"Ɗana, wannan ba shara ba ce, ɗakina ne," in ji Inna. "In suka kwashe, da me zan gina?"

Ga kuma katafila can a bakin layi, tana shirin kwashewa. Abokina ya dubi rana, ya ce, "Inna, akwai ful?"

Basudane ba ya wasa da fatur, karin kumallon hantsi, kuma ƙin zama in an kira ka abin kunya ne. Aka fito da tiren ful, wato wake da man riɗi, da burodi. Aka kira direban katafila, ya kashe inji ya zauna. Shayi ya biyo baya, sannan gahawa. Mu kuwa da maƙwabta muka duƙufa da shebur da kwanduna, muna mayar da ƙasa cikin gida. Da direba ya wanke hannu, abokina ya zaga ya ce titi ya yi fes, a wuce gaba.

Na koma Khartoum da la'asar, tafukana duk sun yi kanta, amma zuciyata wasai. Na gane mai sa ido na ƙwarai ba abin da za a kwashe kaɗai yake dubawa ba, har da abin da za a bar wa mutane. Inna ta aiko cewa tuwon Juma'a yana nan, a tsakar gida za mu ci kafin bango ya tashi.