Jan Fenti a Jikin Kaɗanyar Rahmatu

Duk wanda ya taɓa sayen man kaɗe a Tunga a shekarun nan ya san Rahmatu, Banufiyar nan 'yar Bida da aure ya kai ƙauyen Garatu. Ba ta da shago. Roba ce take ajiyewa a gefen titi inda masu keke ke sauke fasinja, ta lulluɓe man da ganye, ta zauna. Man nata fari ne tas, ba ɗaci, mata har daga Ketaren Gwari suke zuwa. Sirrin kuwa bishiya ɗaya ce, wata tsohuwar kaɗanya a gonar marigayi mijinta, mai manyan ƙwara. Da ita ta ciyar da marayunta. Gonar ta koma hannun Ndako, ƙanen mijin, amma tsintar kaɗe ya bar mata.

A daminar 2009 wasu mutane suka zo daga wata cibiyar bincike, da farar mota da akwatin ƙanƙara. Jagoransu Edward, mutumin kudancin Kaduna, yana da ladabi, wannan ba za a hana shi ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce an ba su labarin bishiyarta. Ya ce kowace bishiya tana da rubutu a cikin ganyenta wanda ta gada daga iyayenta, su kuma suna da na'urar karanta shi. In sun gane wadda gadonta ya fi kyau, sai su mayar da ita uwa, su yi mata aure, 'ya'yanta su soma haihuwa da wuri, ba sai mutum ya tsufa yana jira ba.

Rahmatu ta san mangwaro mai aure. Amma kaɗanya? Kaɗanya ai ba a shuka ta, tarar da ita ake yi. Ta juya ganyen gaba da baya, ba ta ga rubutu ba.

"Malam, da wa za ku aura mata?"

"Mama, da ƙananan da muka raina a leda."

"Tsohuwa da jarirai?"

Ya yi dariya, ya tsinki ganye ya sa a ƙanƙara. Sannan wani ya buɗe gwangwani ya zana lamba da jan fenti a gindin bishiyar, suka shiga mota. Mutane da digiri, amma aka rasa wanda zai tsaya ya ce mata ga amfanin fentin nan. Ita kuwa jan fenti ɗaya ta sani a duniya: wanda hukuma ke shafa wa ginin da za a rushe. A gabanta aka shafa wa rumfunan maƙwabtanta a Tunga, a gabanta katafila ta zo.

Ta tambayi Ndako, ya ce shi ma bai gane ba, amma abin da gwamnati ta sa wa lamba ai ya zama nata. Rahmatu ta kasa cin abinci. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, ta ɗauki wuƙa da ragowar jan fentin ƙofa. Ta kwafi lambar a jikin wata kaɗanya da ke can gefe, wata marowaciya mai ƙananan ƙwara, ta dawo ta kankare tata, ta shafe wurin da laka. In sara ne, su sari waccan.

Ba su sara ba. Da rani wasu suka zo, ba Edward, suka bi lamba, suka yanki 'yan rassa a jikin marowaciyar suka tafi. Ta tsaya daga nesa tana kallo, ta rasa ko murna za ta yi.

Shekara ta zagayo, sai ga Edward ya dawo, kai ya ɗaure masa. Ya ce sun yi auren, ya kama, amma da suka karanta ganyen dashen, rubutun bai zo ɗaya da na uwar da ya tsinki ganyenta tun farko ba. Sun sake gwadawa, sun zargi na'ura, sun zargi wanda ya ɗauko rassan.

Ndako ya ce, "To Malam, ko dai a asibitin naku aka musanya jariran?"

Aka yi ta dariya. Rahmatu ta so ta faɗi gaskiya, amma ba ta san hukuncin wanda ya kankare fentin gwamnati ba. Kafin ya tafi, Edward ya je wurin mai gari ya roƙa a hana masu gawayi taɓa duk kaɗanyar da ke da lamba. Mai gari ya sa aka yi shela. Sai a ranar ta ji cewa fentin kariya ne. Da an faɗi haka tun farko, me zai ragu a jikinsu?

Ta yi niyyar mayar da lambar, amma idon gari ya riga ya san wadda ke da fenti, kuma lamba ɗaya ba ta zama a bishiya biyu. Tana cikin wannan shawara da zuciyarta Ndako ya kawo masu gawayi. Suka zagaye marowaciyar da girmamawa, suka kwantar da tsohuwar. Da ta kama shi da faɗa, ya ce shi doka ya bi, wadda gwamnati ta ce a bari ya bari.

Yanzu Rahmatu sayen ƙwara take yi a kasuwa kamar kowa, man kuma ya zama irin na kowa. A 2013 ta hangi Edward a Tunga yana jiran babur, ta kira shi. Ta tambaye shi ko rubutun nan na ganyen farko yana nan. Ya ce yana nan lafiya a kwamfuta, kuma yana cikin mafi kyawun da suka taɓa karantawa.

"To ku shuka mini shi mana."

Ya sosa ƙeya, ya ce ba a shuka rubutu, sai da reshe mai rai. Ya fara wani dogon bayani, babur ya tsaya, ya ce sai ya zo Garatu. Ta bi shi da kallo, murfin roba a hannu, har wata mai sayen mai ta gaji da sallama.